Ɗinkin Mamudu

Habiba tana cikin rufe wata yagewa mai tsawon kamu guda sai ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ba ta jira ta ji muryar mai zuwa ba. Ta soke basilla a jikin buhun, ta naɗe shi da jan zaren da ke ɗaure a kunnensa, ta cusa ƙarƙashin tabarma, sannan ta jawo wani daga ɗaya tarin, mai shuɗin zare, ta shimfiɗa a cinya. Shekara biyu ke nan tana wannan musanya, har hannunta ya iya yin ta ba sai ta duba ba.

"Salamu alaikum. Inna Habiba tana ciki?"

Da ta gane muryar sai ta saki numfashi, amma hankalinta bai kwanta ba. Malama Nafisatu ce, malamar jami'a daga Paraku, wadda bara ta yi wata uku tana bin gidajen Malanbil da rumfunan kasuwa da takardu a hannu, tana tambayar mutane aikin da suke yi da abin da ake biyan su. An ce ilimin tattalin arziki ta karanta har ƙasar Turawa. Abin da mutanen gari suka riƙe game da ita dai shi ne ba ta gajiya da tambaya, kuma duk abin da aka ba ta ci take yi.

"Shigo, Malama. Kin zo lahiya? Ya hanya?"

Nafisatu ta ajiye jakarta, ta zauna a kan 'yar kujerar tsuguno. Ta dubi tudun da ke ƙarƙashin tabarma ta yi murmushi.

"Ni ce fa, Inna. Fito da abinki."

Habiba ba ta fito da shi ba.

A sana'ar gyaran buhun albasa a Malanbil farashi biyu ne, kuma haka kowa ya taso ya tarar. Buhun algarara da ya yage, in namiji ya yi masa faci dala ashirin ne na kuɗin sefa, in mace ce dala sha biyu. Kowane mai ɗinki yana da launin zaren da yake ɗaurawa a kunnen buhu don a san hannunsa. Na Mamudu, mijin Habiba, ja ne, kuma shekara talatin jan zaren nan yana da suna daga bakin gada har Kwatano. Sai ciwon suga ya sauko masa a ido. Yana ganin hanya, yana gane mutum in ya matso, amma zare da kafar basilla sun ɓace masa gaba ɗaya. Ya je ya gaya wa Alhaji Ɗangana, wanda ke ba su aiki, cewa bayansa ne ba ya son zaman rumfa, a bar shi ya riƙa kai aiki gida. Tun daga ranar shi ke tura amalanke ya ɗauko ya mayar, ita kuma ta ɗinka. Ba ta daina karɓar nata na mata ba, mai shuɗin zare, don kada a fara tambayar me take yi da yini a ɗaka.

A iya sanin Habiba, duk faɗin duniya Nafisatu kaɗai ta gano wannan. Ranar da ta yi wa Mamudu tambayoyi ta ga yana laluben inda zai dangwala yatsa a takarda, washegari kuma ta shigo gidan ta tarar da jan zare a cinyar matarsa. Ba ta ce komai ba sai da Habiba ta fashe da kuka ta faɗa da bakinta.

"Yau ne taron, kin sani," in ji Nafisatu. "Ƙarfe goma sha ɗaya, a zauren 'yan albasa. Zan gaya musu abin da na samu. Inna, ina son ki ba ni izini in ba da labarinki. Ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi unguwa ba."

"Malama, cikin Malanbil maza nawa ka kai aikinsu gida?"



"Guda ne," in ji Habiba. "To mi ne amfanin ɓoye suna?"

"Ki saurare ni. Na tambayi mutum sama da ɗari huɗu. Duk abin da na kawo, za su ce ai maza manyan buhuna suke yi, ai mata ba su da ƙarfin ja. Amma ke hannu ɗaya ce, basilla ɗaya, zare ɗaya, farashi biyu. A aikinmu mutum sai ya shekara goma yana neman irin wannan bai samu ba. In sun ji, ba su da ta cewa."

Idanunta har sheƙi suke yi. Habiba ta dube ta, ta ji tausayinta da haushinta a lokaci guda. Yarinya ce mai kirki, amma ta yi karatu har ta kai inda masifar mutum ke yi mata kyau.

"Ke kin samu abin da kike biɗa. Ni in anka ji, ashirin ta koma sha biyu, in ma ba a amshe aikin ba. Maganin Malam kowane wata sai an saye shi. Kuma shi, da wace huska za shi zauna cikin 'yan'uwa nai? Mutum ya shekara biyu ana yaba mai da aikin mata tai?"

Nafisatu ta ɗauki jakarta. Can ta ce, "Na yi miki alkawari bara, ba zan saɓa ba. Ba zan faɗa ba. Amma ki zo, don Allah. Inna Barakatu, shugabarku, ta ce duk matan za su zo."

Bayan ta tafi Habiba ta ci gaba da buhun da ke cinyarta, tunda shi ke hannu. Akwai abu ɗaya da ba ta taɓa gaya wa Nafisatu ba, ba don ta ɓoye ba, sai don ba ta ɗauke shi abin faɗa ba. Ɗinkin Mamudu ninki biyu ne, a je a dawo, kuma kowane taku uku sai an ƙulle. Shi ya koya mata tun tana amarya. A watan farko da ta karɓi aikinsa, Badaru mai duba buhuna a sito ya ɗaga wani nata mai shuɗin zare ya ce, "Habiba, hannunki ya fara kama da na maigidanki." Wasa yake yi, amma ita ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Tun daga lokacin ta raba hannunta biyu. Jan zare ta ba shi haƙƙinsa, shuɗi kuma ta bi sau ɗaya, ta buɗa taku, ba ƙulli sai a ƙarshe. Yana riƙe albasa daga nan zuwa ƙauyukan kusa kamar Garu ko Gene, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Hakan ma ya rage mata lokaci, don yini ɗaya ba ya isar aikin mutum biyu.

Wajen ƙarfe goma Mamudu ya shigo da amalanke wayam, ya jingina shi a bango. Dogo ne, ya rame, amma har yanzu in yana tafiya ƙirji a gaba yake sa shi. Ya ce ta ɗauko masa riga mai aiki.

"Kai ma za ka?"

"Alhaji ya ce duk mai riƙon basilla shi zo. In ban tahi ba, mi za ni cewa?"

Ta ɗauko rigar, ta taya shi sawa, ta gyara masa hula. Ya tambaye ta ko yarinyar nan ta zo. Ta ce ta zo, kuma ta yi alkawari. Ya gyaɗa kai. Suka fita tare, yana gaba tana baya kamar yadda aka saba, sai dai duk inda akwai rami ko kwata tana yin ɗan tari, shi kuma ya rage sauri.

Hanyar zauren ta bi ta bakin kasuwa. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, albasar Nijar a kwalekwale take tsallakowa, a sauke ta a bakin ruwa, a ɗora wa masu keke mai ƙafa uku, a sake sauke ta, sannan a loda a kamiyo, wato babbar motar kaya. Buhun da a da sau biyu ake ɗaga shi yanzu sai an ɗaga shi sau biyar, don haka yagewa ta yi yawa, masu faci kuma ba su taɓa samun aiki kamar bana ba. Wannan ne ya ba matan ƙarfin gwiwa. Barakatu, wadda ke shugabantar mata masu ɗinki su ashirin da ɗaya, ta yi wata biyu tana bin Alhazai dillalan albasa tana roƙon a mai da sha biyu ta zama sha shida. Sun ce a bari a ji abin da malamar jami'a za ta ce tukuna.

Zauren ya cika. Maza a gaba a kan kujerun roba, mata a baya a kan benci, fanka guda tana juyawa ba ta kai wa kowa. Barakatu ta matsa wa Habiba wuri. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata, katanga ɗaya ta raba gidajensu, mace ce mai jiki da murya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Yau har da janbaki.

"Yau dai Allah shi sa mu ji alheri," ta raɗa mata. "Na riga na ce ma ɗiyata Halima in anka ƙara, ba ta barin lakkwal bana, karatu za ta ci gaba da yi."

Nafisatu ta yi magana da Faransanci, wani yana mayarwa da Dendi, ita kuma tana ƙarawa da Hausa inda ta ga ya tsallake. Ta haska zane-zane a bango, dogayen sanduna da gajeru. Dogayen na maza ne. Ta bi ta kan masu dashen shinkafa, da masu tsintar albasa, da masu shanya kifi, sannan ta zo kan masu facin buhu. Ta ce ta auna girman yagewa, ta auna lokacin da ake ɗauka, ta duba shekarun da kowa ya yi a sana'ar, kuma bayan an cire duk wannan, dala takwas ɗin nan ba ta da wani dalili sai cewa wannan namiji ne, wannan mace ce. Mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Habiba ta ji kamar za ta iya numfashi, don an wuce wurin ba a ambaci kowa ba.

Sai Alhaji Ɗangana ya ɗaga hannu.

Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Ba ya riƙe wa ma'aikaci haƙƙinsa ko na kwana ɗaya, kuma lokacin da Mamudu ya kwanta asibiti shi ya fara zuwa dubiya. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ya gada daga mahaifinsa, a wurinsa kamar da shi aka halicci duniya.

"Malama, mun gode, kin yi ƙoƙari," in ji shi. "Kin auna tsawo, kin auna lokaci. Amma akwai abin da ba ki auna ba, shi ne ƙarhin ɗinki. Buhu in ya hwashe tsakanin Kandi da Kwatano, ba takarda ka tsince albasa ba. Ni ko ido ruhe anka ba ni buhu, ina gane ɗinkin mace. Ba ƙiyayya ba ce, uwata mace ce. Hannu ne ba ɗaya ba."

Maza suka yi dariya suna gyaɗa kai. Habiba ta ga Nafisatu ta ajiye takardarta a hankali, ta ga wannan sheƙin ya dawo idonta, sai gabanta ya faɗi tun kafin ta san dalili.

"Alhaji, sitonka yana nan kusa," in ji Nafisatu. "Me zai hana mu gwada a gaban kowa? A kawo buhu biyu. Kai ka zaɓi gwanin maza."

"Ai ba sai an yi shawara ba. Mamudu."

"To. Ni kuma ban san gwanar mata ba, don haka mu ɗauki ta kusa da shi. A kawo na matarsa."

Ba ta dubi inda Habiba take ba. A ganinta ta yi dabara: ba ta saɓa alkawari ba, ba ta faɗi sirrin kowa ba, kuma ta tabbata buhunan biyu hannu ɗaya ya ɗinka su, don haka ko Alhaji ya shekara yana ja ba zai samu bambanci ba. Habiba ta so ta miƙe, ta so ta yi mata ko da alama da ido. Amma me za ta ce a gaban mutum ɗari? Ta zauna hannuwanta a cinya. Barakatu ta dafa ta tana murna.

"Ke ce kika iya, ƙawa. Allah ya kawo mu."

Badaru ya tafi ya dawo da buhu biyu, ya shimfiɗa su a kan teburi. Alhaji ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki mai jan zare, ya kama gefe da gefen facin, ya ja. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ba wani ɗan dako mai ƙarfi, shi ma ya ja. Algararar da kanta ta fara buɗewa a wani wuri, ɗinkin ko motsi bai yi ba. Sannan ya ɗauki mai shuɗin zare. A ja na farko takun ya buɗe har ana ganin hasken taga ta ciki. A na biyu zaren ya zare tun daga wannan kai har wancan, facin ya rage a hannunsa.

Zauren ya kaure. Nafisatu ta matso ta ɗauki buhun, ta juya shi, ta duba zaren da ke kunnensa, ta sake dubawa. Sai a lokacin ta ɗago ta nemi Habiba a cikin mata. Habiba ta sunkuyar da kai.

"Gida guda, zare guda," in ji Alhaji, ba tare da ɗaga murya ba. "Matar Mamudu, ke ce shaida. Tsakaninki da Allah, ɗinkin ga da wancan ɗaya ne?"

Habiba ta miƙe don ba a amsa wa babba a zaune. Daga inda take tana hango ƙeyar Mamudu da hular da ta gyara masa. Bai juyo ba. Magana ɗaya ce tsakanin mata ashirin da ɗaya da dala huɗunsu, kuma ta san maganar, tana nan a bakinta. Ta dubi ƙeyar nan, ta ga yadda ya ƙanƙame hannun kujera.

"Ba ɗaya ba ne, Alhaji."

"To madalla. Zauna abinki, ba laihinki ba ne."

Daga nan Alhaji ya ce Mamudu ya tashi a gan shi, aka tafa masa. Mamudu ya miƙe ya ɗaga hannu, yana kallon wani wuri da ba kowa. Alhazai suka haɗa kai na ɗan lokaci, sannan aka sanar da abin da suka yanke. Maganar ƙari a bar ta tukuna. Kuma tunda yanzu buhu yana shan wahala a hanya, daga yau duk wanda zai wuce Kandi maza kaɗai za su taɓa shi, mata su riƙe na ƙauyukan kusa. Wato fiye da rabin aikin mata ya tafi. Aka raba lemo da biskit, aka yi addu'a.

A bakin ƙofa matan suka wuce Habiba ba wadda ta tanka mata. Wata tsohuwa daga Madekali ce kaɗai ta tsaya ta ce, "Ɗiyata, in ba ki iya ba, ai sai ki tambayi mijinki," ta wuce. Barakatu ma ba ta jira ta ba.

Nafisatu ta cim mata a bayan zauren, wajen da ake ajiye babura. Fuskarta ta yi jawur.

"Inna, me ya faru? Ba naki ba ne?"

"Nawa ne."

"To yaya aka yi?"

"In na yi su iri ɗaya, ai da tuni an gane."

 Nafisatu ta dafe goshi. "Ban tambaye ki ba," ta ce, kamar da kanta take magana. "Tambaya tamanin da huɗu ke cikin takardar, ban tambayi wannan ba." Sai ta kama hannun Habiba. "Mu koma. Ba su watse ba. Ki ɗauki basilla a gabansu ki yi faci ɗaya, shi ke nan. Ni zan tsaya miki."

"Ki tsaya min har yaushe, Malama? Motarki gobe da sahe ce."

Nafisatu ta sake ta. Hawaye ne a idonta, kuma Habiba ta san na gaske ne, amma ba ta da sauran wurin da za ta sa tausayin wani. Ta juya ta bi bayan Mamudu, wanda ya riga ya kama hanya shi kaɗai.

A gida ba su yi magana ba. Ya cire rigar ya rataye da kansa, ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ta kai masa fura, ya ce ta ajiye. Tana fita ta ji ya ce, "Habi." Ta tsaya. Ya ce, "Na so in tashi in hwaɗi gaskiya. Wallahi na so." Ta ce ta sani.

Bayan la'asar Badaru ya zo da keke mai ƙafa uku, ya sauke dami shida a zaure, yana ta fara'a. Ya ce Alhaji ya ce a kawo wa Mamudu har gida, ya huta da turin amalanke, buhu ɗari uku ne, ana son su kafin Juma'a, kuma in ya gama akwai wasu. Habiba ta tsaya tana kallon damunan bayan ya tafi. In ta zauna tun asuba har idonta ya daina gani, ashirin da biyar take yi da irin ɗinkin Mamudu. Yau Litinin. Ba a iya cewa ya yi yawa, don namijin da aka tafa wa a gaban jama'a ba ya mai da aiki. Ta janyo dami ɗaya tsakar gida, ta zauna a gabansa, ta rasa ma ta inda za ta fara. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a zauren.

Ba ta ji sallama ba, sai ganin Barakatu ta yi tsaye a kanta, ta goge janbakin, mayafi a kafaɗa. Wannan karon ba abin da za a cusa ƙarƙashin tabarma, dami ne guda. Barakatu ta jawo turmi ta kifa ta zauna.

"Ban zo hwaɗa ba," in ji ta. "Na yi hushina a hanya, na gama."

"Barakatu, ki yahe min."

"Bar wannan. Katanga guda ce tsakaninmu, Habiba. Shekara biyu ina jin Malam shina sauraren rediyo tun sahe har azahar, kuma jan zare na fita gidan ga dami-dami. Kin ɗauka ni jaka ce?"

Habiba ta ɗago kai. "Kin sani?"

"Na sani. Shi ya sa na yi murna da anka ce a kawo naki. Abin da ban sani ba, ashe namu kike ɓatawa." Ta faɗe shi ba zafi, kuma hakan ya fi ciwo. Ta kai hannu ta taɓa damin. "Nawa ne?"

"Ɗari ukku. Kahin Juma'a."

"Ba ki iyawa."

"Ba ni iyawa."

"To ni ga ni, ba ni da aiki. Akwai mutum huɗu da na yarda da bakinsu, su ma ba su da shi. Ki ba mu. Mu ɗinka cikin ɗaka, mu ɗaura jan zare, Malam shi kai. Alhaji na son hannun Mamudu, sai mu ba shi hannun Mamudu."

Habiba ta dubi ƙofar ɗaki. Labulen bai motsa ba, amma ta san idonsa biyu. Wani sanyi ya sauko mata a ƙirji, na farko tun safe. Ta ce, "Allah shi saka miki, ƙawa."

"Amin. Nawa za ki ba mu?"

Habiba ba ta yi tsammanin tambayar ba, ko da yake ita ce tambayar da ta kamata. Ashirin ake biya, su biyun sun sani. Ta yi niyyar ta ce ashirin. Sai ta tuna da maganin wata, ta tuna likita ya ce idon dama ana iya yi masa aiki a Paraku in an samu hali, ta tuna in abin ya tonu sunan mijinta ne zai zube, ba na kowa ba. Ta tuna kuma Barakatu ba ta da wani wurin zuwa, kuma wannan tunanin ne ya ba ta kunya, amma bai tafi ba.

"Sha biyar," ta ji bakinta ya faɗa.

Barakatu ta dube ta. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi ciniki ba.

"Ya hi sha biyu," in ji ta. Ta zare basilla daga ɗankwalinta, ta jawo buhu ɗaya daga damin ta shimfiɗa a cinya. "To matso ki gwada min yadda Malam ka yi."